MA'ANAR RAJISTA A SHARI'A DA MATSAYIN TAKARDUN GONAKI A ƘASASHEN WURNO DA RABAH DA GORONYO

1.0 Gabatarwa

Kalmar rajista tana cikin kalmomin aro da suka zauna daram a bakin Bahaushe. Ɗalibi yana rajista a makaranta, mai jego tana yi wa jariri rajista, mai jefa ƙuri'a yana rajista, manomi kuma yakan ce ya yi wa gonarsa rajista. Amma idan aka tambayi manomin abin da ya yi, sau da yawa sai a tarar takardar ciniki ce mai unguwa ya sa wa hannu, ko kuwa sunansa ne aka rubuta a jerin masu karɓar taki. Ranar da rigima ta kai gaban alƙali, a nan ne yake gane cewa abin da yake riƙe da shi bai kai nauyin da ya zata ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta rarrabe abubuwan da muke haɗawa a ƙarƙashin wannan kalma guda, ta kuma bayyana abin da rajista take bai wa mutum a shari'a da abin da ba ta iya ba shi. Za mu ɗauki misalanmu daga gonakin fadama na Wurno da Rabah da Goronyo, domin a irin waɗannan wurare taki ɗaya na ƙasa yana da daraja, kuma ruwa da gwamnati da mutuwa duk sukan sauya iyaka. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, rajista tana tsare hakkin da mutum ya riga ya samu ta halaltacciyar hanya, ba ta haifar masa da hakkin da ba shi da shi; sa'an nan hakkin da ba a tsare ba yana da saurin salwanta idan shaidu suka ƙare.

2.0 Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne rubutawa kawai. Mutum biyu sun yi ciniki, an rubuta, shaidu sun sa hannu, kowa ya ajiye tasa. Wannan takarda ce ta tsakanin mutane, hukuma ba ta san da ita ba.

Na biyu shi ne shigarwa cikin kundi. A nan kotu ko wani ofishin hukuma ne yake kwafe takardar, ko hukuncin da aka yanke, cikin littafinsa na dindindin, har ta zama wani yanki na ayyukan hukumar. Kalmar da Turawan Ingila suke amfani da ita ga wannan aiki ta samo asali ne daga naɗaɗɗiyar fata, domin a da can a kan fatun da ake ɗinkewa a naɗe suke rubuta hukunce-hukuncen kotunansu. A zamanin Sarki Henri na Takwas, a shekarar 1536, majalisarsu ta yi dokar da ta ce wani nau'in cinikin ƙasa ba zai tabbata ba sai an shigar da takardarsa cikin kundin kotu a cikin wata shida. Dalili kuwa shi ne a hana cinikin ɓoye, wanda yake sa a kasa sanin mai ƙasa na gaskiya.

Na uku shi ne rajista ta ainihi, watau a kai takarda wani ofishi da doka ta ambata, a ba ta lamba da shafi da kwanan wata, a ajiye kwafinta inda duk mai bukata zai iya zuwa ya bincika. Ita ma kashi biyu ce. Akwai rajistar takarda, inda hukuma take shaida cewa an kawo mata takarda kaza ran kaza, ba tare da ta lamunce gaskiyar abin da ke ciki ba. Akwai kuma rajistar mallaka, irin wadda Robert Torrens ya kafa a Kudancin Ostareliya a 1858, inda littafin hukuma shi kansa ne hujjar mallaka, wanda duk sunansa ke ciki shi ne mai ƙasa. Abin da muka gada a Arewacin Nijeriya shi ne kashi na farko, kuma yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga ɗaukarsa a matsayin na biyu.

3.0 Rubutu da shaida a Daular Sakkwato

Kada a zaci Turawa ne suka kawo mana ajiye takardu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, ita ce ta yi umurni da a rubuta bashi a kuma kafa masa shaidu. Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi shi ya kafa diwani, inda aka jera sunayen masu rabo daga baitulmali. Malaman fiƙihu kuma sun rarrabe tsakanin wasiƙar da aka rubuta wa masu ciniki da sijilli, watau littafin da alƙali yake rubuta hukuncinsa. A kan sha'anin ƙasa, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, kamar rayar da ita ko samun ta daga shugaba.

Sai dai a mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, ginshiƙin hujja shi ne shaidar adilai. Takarda mataimakiya ce, ana karɓar ta idan an sami wanda ya shaida abin da ke cikinta ko ya shaida rubutun hannun mai ita. Saboda haka rajistar gona a ƙauye tana cikin kawunan dattawa ne: su suka san wanda ya sare dajin, da wanda ya gada, da wanda aka ba aro, da inda gamba ko tsamiyar iyaka take. Wannan tsari ya yi aiki matuƙar jama'a suna zaune wuri ɗaya, kowa ya san kowa.

Garin Wurno, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a matsayin ribaɗi, ya kuma rasu a cikinsa a 1837, ya ga takardun mulki masu yawa, guda biyu daga cikinsu sun dace da zancenmu. A 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya karɓi takarda mai hatimi daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wadda ta ba fataken Ingila amincin ciniki a ƙasar. A 1885 kuma Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin Turawa da ya koma Kamfanin Neja daga baya, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru. Kamfanin ya riƙa nuna wannan takarda a Turai yana cewa an sallama masa iko a kan gaɓar koguna, alhali fadar Sakkwato ba ta taɓa yarda cewa ta ba da ƙasa ba. Takarda ta samu, hatimi ya samu, an kuma adana ta sosai, amma ɓangarorin biyu ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. Darasin da ke nan shi ne adana takarda ba ya gyara abin da ya ɓaci tun wajen ƙulla ta.

4.0 Littattafan En'e da dokokin ƙasa

Bayan cin Sakkwato a 1903, Turawa sun shigo da littattafai iri-iri: littafin shari'a na kotun alƙali, da littafin haraji, da na jangali, da rasiɗin baitulmali. Lokacin da Ahmadu Bello ya zama uban ƙasar Rabah a 1934, ƙidayar masu biyan haraji da ta shanu tana cikin manyan ayyukan ofishinsa, kamar kowane uban ƙasa na wancan zamani. Amma a lura, waɗannan littattafai an yi su ne domin a san wanda zai biya. Mai aro da mai jingina duk suna iya biyan kuɗi a kan gonar da ba tasu ba, don haka tsohon rasiɗi yana iya nuna cewa mutum ya noma wuri a shekara kaza, ba ya nuna ta hanyar da wurin ya zo hannunsa.

Ta fuskar doka kuwa, sanarwar 1910 da dokar 1916 sun sanya ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962 ta ci gaba a kan wannan tafarki, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978 ta shimfiɗa tsarin a kan Nijeriya baki ɗaya. A ƙarƙashinta, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, abin da mutum yake da shi kuwa hakkin riƙo ne. Gwamna yana ba da hakkin riƙo na doka, Ƙaramar Hukuma kuma tana ba da hakkin riƙo na gargajiya a wajen birane, wanda ba zai wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da iznin Gwamna. Sashe na 36 shi ya fi shafar manomanmu, domin ya ce wanda yake noma gonarsa kafin dokar zai ci gaba da riƙe ta tamkar Ƙaramar Hukuma ce ta ba shi, kuma yana iya kai zanen gonar a rubuta shi a matsayin mai riƙo. Ke nan manomin Goronyo da ya gaji fadama daga kakansa yana da hakki cikakke a idon doka ko da bai taɓa riƙe takarda ba. Abin da ya rasa shi ne hanyar tabbatar da hakkin cikin sauƙi.

5.0 Abin da rajista take bayarwa

Dokar rajistar takardun ƙasa ta 1924, wadda jihohin Arewa suka gada ta cikin kundin dokokin 1963, tana magana ne a kan takardar da wani ya ba wani hakki a ƙasa da ita, ko ya sauya shi, ko ya taƙaita shi, ko ya kashe shi. Wasiyya ba ta ciki. Amfanin kai irin wannan takarda rajista guda uku ne.

Na ɗaya, bayyanawa. Wanda zai sayi fili yana da inda zai je ya duba ko an riga an sayar da shi ko an jinginar wa banki.

Na biyu, fifiko. Idan mutum ɗaya ya rubuta wa mutum biyu takarda a kan fili guda, ana duba ranar rajista ne wajen sanin wadda take gaba. Alal misali, a ce an sayar wa wani fili a watan Janairu ya jefa takardarsa cikin adaka, aka sake sayar wa wani a watan Maris, shi kuwa bai san da cinikin farko ba, ya garzaya ya yi rajista. Na farkon ya jefa kansa cikin haɗari da sakacinsa. Amma in ya riga ya biya kuɗi ya kuma shiga filin yana aiki a bainar jama'a, kotuna sukan kare shi, domin zamansa a wurin ya isa ya sa mai saye na biyu ya yi tambaya.

Na uku, sauƙin hujja. Dokar Shaida ta 2011 ta lasafta ayyukan hukuma da aka rubuta, da kuma kwafin takardun mutane da hukuma take ajiye da su, a cikin takardun jama'a. Irin waɗannan ana tabbatar da su a kotu ta hanyar kwafi wanda jami'in da ke tsare da su ya shaida, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, bayan an biya kuɗin da aka ƙayyade. Ko gara ta cinye ta gida, ko ambaliya ta tafi da ita, ta ofis tana nan. Haka ma hukuncin rabon gado da alƙali ya shigar cikin littafinsa: jikoki suna iya neman kwafinsa bayan duk waɗanda suka halarci rabon sun kwanta dama.

Akwai kuma hukuncin ƙin yin rajista. Sashe na 15 na dokar 1924 ya hana a gabatar da takardar da ba a yi wa rajista ba a matsayin hujjar mallakar ƙasa, ko da yake kotuna sun daɗe suna karɓar ta don nuna cewa an biya kuɗi. A Disamba 2017, a shari'ar Benjamin da Kalio, Kotun Ƙoli ta ce sha'anin shaida na Tarayya ne, dokar jiha ba za ta hana karɓar takarda ba. A 2019 kuma, a shari'ar Abdullahi da Adetutu, kotun ta sake magana da harshen tsohuwar ƙa'ida. Mai hankali ba zai jingina gonarsa a kan wannan saɓani ba, zai je ya yi rajista ne ya huta.

6.0 Abin da rajista ba ta bayarwa

Ita dokar 1924 da kanta ta faɗa cewa rajista ba ta warkar da aibin takarda, ba ta kuma ƙara mata ƙarfin da ba ta da shi. In ɗaya daga cikin magada ya sayar da gonar gado kafin a raba, ba da yardar sauran ba, hatimi goma ba zai halatta rabon 'yan'uwansa ga mai saye ba. Ko takardar shaidar riƙo da Gwamna yake sa wa hannu, wadda mutane suke kira takardar mallaka, Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa hujja ce ta farko kawai, tana faɗuwa idan wani ya tabbatar da hakkin da ya riga ta. Tun a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, takarda kuwa ɗaya ce kawai daga ciki. Tarihin gado da daɗewar riƙo suna cikin sauran.

Haka nan jerin sunayen da hukumar ban-ruwa take yi don raba filaye ko karɓar kuɗin ruwa, da jerin masu samun taki ko rance, littattafai ne na gudanar da aiki. Suna iya taimakawa wajen nuna wanda yake noma wuri, amma ba su ne rajistar da doka take nufi ba. Takardar mai unguwa ko ta hakimi ita ma shaida ce mai amfani ƙwarai a kan cewa an yi ciniki a gaban mutane, iyakarta ke nan.

7.0 Dalilin da ya sa zancen ya matsa a kwarin Rima

Abubuwa uku suna rushe rajistar da ke cikin kawunan dattawa. Na farko manyan ayyukan ruwa. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984 aka ƙaddamar a 1992, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 942, kuma duk inda aka yi irin wannan aiki sai an karɓi gonaki, an baje iyakoki, an sake rabo. Dokar 1978 ta ba Gwamna ikon soke hakkin riƙo don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da mutum ya kashe wa ƙasar ce, kamar amfanin gona da itatuwa da gini. Wanda sunansa bai shiga lissafi ba ranar ƙidaya yakan tashi a tutar babu. Abin da ya faru a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, ya isa ishara: koke-koken manoma a kan diyya da sake rabon gonaki sun kai ga arangama da 'yan sanda a Afrilu 1980, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Na biyu ambaliya. Ta watan Satumba 2010 ta shafe garuruwa da gonaki a ƙasashen Goronyo da Wurno da wasunsu. Idan ruwa ya janye ya bar yashi, kunyar iyaka da itacen alama sukan ɓace, sai dai a koma ga wanda ya tuna.

Na uku gudun hijira. Harin da 'yan bindiga suka kai yankin Gandi na ƙasar Rabah a Yuli 2018, da wanda suka kai kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, suna cikin waɗanda suka tarwatsa jama'ar ƙauyuka. A nan ya kamata mu tuna da ƙa'idar hauzi ta Malikiyya, wadda take cewa idan bare ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki da ita kamar tasa, mai ita yana nan yana gani ya yi shiru ba tare da wani uzuri ba, to ba a sauraren ƙararsa. Wanda tsoro ya kora yana da uzuri, haka kuma hauzi ba ya cin gonar da aka karɓa aro ko jingina. Amma wa zai shaida cewa jingina ce, in wanda ya bayar ya rasu, shaidu biyun kuma ɗaya yana Sakkwato ɗaya ya ƙetara Nijar? Gonar da aka jinginar a kan buhun gero kaɗan a shekarar yunwa takan koma "saye" a bakin 'ya'yan mai riƙo, marayu da mata kuwa su suka fi cutuwa, domin su ne ba su halarci cinikin ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, duk takardar gona ta faɗi nau'in cinikin ƙarara, saye ne ko jingina ko aro ko haya ko kyauta, ta ambaci maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, a kuma rubuta ta da harshen da masu cinikin suke karantawa, boko ko ajami. Na biyu, kowane rabon gado a kai shi gaban alƙali ya shiga littafi, kowane magaji, mace ko namiji, ya karɓi kwafi. Na uku, Ƙananan Hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo su yi amfani da damar da sashe na 36 ya bayar, su buɗe littafin masu riƙon gonaki a kan kuɗi kaɗan, a karanta sunaye a bainar jama'a kafin a rufe shafi, domin mai ja ya ja tun dattawa suna raye; a kuma ajiye kwafi na biyu a wani gari daban. Na huɗu ya shafe mu malaman kwalejojin ilmi. Ɗalibanmu su ne za su koma ƙauyuka, kuma malamin makaranta shi ake kira ya rubuta takardar ciniki. Ya wajaba mu koya musu bambancin rubutawa da shigarwa cikin kundi da rajista, a darussan Hausa da na zaman jama'a, mu kuma daidaita kalmomin da za a riƙa kiran kowanne da su.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Dattawan da suka san iyakokin fadamun Rima kafin a gina madatsa suna raguwa kowace shekara, abin da suka sani kuwa ba ya cikin littafin kowa. In an rubuta shi yanzu, a gabansu, da yardar maƙwabta, rajista za ta tsare gaskiya. In an bari sai bayansu, abin da za a rubuta shi ne maganar wanda ya riga kowa isa ofis.